Tsakanin Ƙofar Gida da Bakin Titi: Inda Talakan Kano Yake Hutawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, iyaye mata da ke zaune ta wannan gefe, da matasan da suka cika can baya, ina yi muku barka da yamma.

An ce in yi magana a kan rayuwar birni ta yau da kullum. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a Kano, a Kanon ma zan tsaya a kan ɗan filin nan da ke tsakanin ƙofar gida da bakin titi. A nan talaka yake cin abincinsa na waje, a nan yake ɗaure ragonsa, a nan 'ya'yansa suke wasa. Kuma wannan fili ne ake cinyewa a hankali, taku bayan taku, ba tare da an ji kukan kowa ba.

Mu fara da teburin mai shayi, domin babu wanda bai san shi ba a cikinmu. Ku tuno shi da kyau. Ga gwangwanayen madara an jera su hawa-hawa, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai, ga tukunyar ruwan zafi tana huci, ga 'yar rediyo rataye a jikin ƙusa. Mai shayi yana sheƙa shayin daga wannan kofi zuwa wancan, hannunsa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba, yana tambayarka, “Mai kauri za a haɗa?” A kan bencin nan ɗan adaidaita sahu yana zaune kafaɗa da kafaɗa da tela, da ɗan dakon da ya wuni a kasuwar Singa, da ma'aikacin gwamnati, da ɗalibin da ya fito daga karatun dare. A nan ake jin inda ɗakin haya ya faɗo, da wanda yake neman yaron shago a Kantin Kwari, da gidan da aka yi rasuwa a bayan layi. Baƙon da ya sauka a tasha bai san kowa ba, in ya zauna a teburin nan mako guda, sai ka ga ya sami wanda zai tsaya masa. Akwai kuma ɗan littafin nan na bashi da mai shayi yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Magidanta da yawa sun kai ƙarshen wata albarkacin littafin nan, kuma mai shayi bai taɓa tona asirinsu ba.

Haka abin yake wajen mai koko da ƙosai da asuba, da mai ɗanwake da hantsi, da mai gurasa da ke yayyafa ƙuli da mai da yaji, da mai tsire da ke fifita garwashi bayan magariba. Yawancin wannan sana'a a hannun mata take, ko da ba ka gan su ba, domin a cikin gida ake suya, a ƙofar gida ake sayarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, fulawa da sukari da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabo, har ta kai masu gurasa sun fito zanga-zanga a farkon 2024. Ku yi tunani, matan da ko muryarsu ba a saba ji a waje ba, su ne suka fito titi. Wannan ya isa ya nuna inda tsada ta taɓa.

To, sai dabbobi. Mutumin birni bai taɓa rabuwa da kiwo ba. Ga ragon layya ɗaure a turke, ana ba shi dusa da harawa tun watanni kafin babbar salla. Ga 'yan kilisa da dawakansu da yamma. Amma wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne kiwon tattabaru. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai tara kuɗin tara da na salla ya sayi mace da namiji, ya haɗa musu akurki da katakon kwali a kan soro, ya riƙa tashi da sassafe yana watsa musu gero, yana canza musu ruwa. Ya san wadda ta yi ƙwai, ya san wadda ta bi garken maƙwabci ba ta dawo ba, ya san ranar da zai kai 'yan shila kasuwa. Iyaye, wannan makaranta ce. Yaron da ya saba wani rai yana jiransa da safe, da wuya ya kwana a gindin kwalbati tare da 'yan shaye-shaye. In ɗanka ya roƙi kusurwa ɗaya ta gidan don tattabarunsa, ka ba shi.

Sai dai akwai inda muke da laifi, kuma dole a faɗa. Yadda yara suke bin kare da jifa, ko su ɗaure wa mage igiya a wuya suna ja, manya suna kallo ba mai tsawatarwa, abin kunya ne. Malamai suna nan, sun fi ni sanin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda kuma ya ajiye kare don gadi ko farauta, hakki ne a kansa ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a garzaya asibiti a ranar. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, kusan babu wanda yake tashi.

Mu koma kan nishaɗi. Dattawan da ke nan sun san dandali. Farin wata ya fito, 'yan mata suna gaɗa, samari suna langa, makaɗi yana gefe da kalangunsa, tsofaffi suna kan dakali suna lura da kowa. Azumi ya kai goma, yara su fito tashe gida-gida. Ba a biyan ko kwabo. Daga baya silima ta zo. An buɗe Rex a Kano a 1937, sannan irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba suka biyo baya, yawancinsu yau sun zama tarihi. Gwamna Audu Bako ya gina mana gidan zu a farkon shekarun 1970, har gobe nan ne yara suke tururuwa ranar salla. A 2014 aka buɗe katafaren rukunin kantunan Ado Bayero a titin gidan zu, ga sanyi ga fitilu. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikinsu. Amma ku lura da hanyar da muka biyo: kullum nishaɗin yana ƙara nisa da unguwa, kullum yana ƙara neman kuɗin mota da kuɗin shiga. Magidanci mai 'ya'ya bakwai sau nawa zai iya kai su a shekara?

Samari sun sami mafita. Suna da gidan kallon ƙwallo, suna da gidan dambe, in Kano Pillars tana wasa a gida su cika filin Sani Abacha suna “Sai masu gida!” 'Yan mata fa? Da dandali ya mutu, ba a ba su komai a madadinsa ba sai waya. Sannan mu dawo muna kukan abin da wayar take koya musu.

Ina filin ya tafi? Kowa ya sani. Mai gida ya rushe dakali ya fitar da shago, maƙwabcinsa ya gani shi ma ya fitar, har lungun da mota take shiga ya koma sai babur. An cike kududdufai an yi gini, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa shekaru kusan 900 da suka wuce, a wurare da dama an yanka ta filoti-filoti. A sababbin unguwanni kuwa, doguwar katanga ce da waya a sama, mutum ya shekara bai san sunan na jikin gidansa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: ƙwacen waya, faɗan daba, ƙazanta. Gaskiya ne. Amma ku tambayi duk wanda aka taɓa tarewa da dare, a ina aka tare shi? A lungun da babu kowa, babu fitila. Layin da mai shayi yake da ƙwan lantarki da mutum goma a kan benci, ɓarawo yana shakkarsa. Korar masu sana'ar dare ba ta kawo tsaro, duhu take ƙarawa.

Don haka roƙona ga masu unguwanni da dattawan da ke wurin nan: filin da ya rage a unguwarku, ko na makarantar firamare ne, ko na gaban masallaci, ku tsaya a kansa kada a yanka. Ƙungiyoyin matasa, maimakon a tsaya a kan gasar ƙwallo kaɗai, a haɗa kuɗi a sa fitila mai aiki da hasken rana a inda masu abinci suke zama, a ajiye musu randar ruwa mai murfi da wurin zuba shara, a kuma ware wa yara mata yamma ɗaya a mako a filin, iyayensu mata suna kusa. Wanda kuma Allah ya hore masa zai yi gini, ya ja katangarsa baya da taku uku, ya zuba dakali.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda lokaci ya cika. A buɗe fagen tambaya. Wassalamu alaikum.