Yadda Ake Canza Batirin iPod da Ƙananan MP3

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan da kuke gani a tafin hannuna iPod ne, ƙaramar na'urar sauraren sauti, na wani dattijo maƙwabcinmu a Tudun Wada. Shekaranjiya bayan La'asar ya miƙo mini shi a nannaɗe cikin hankici, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, in ya mutu ne in haƙura." Na ce, "Baba, me yake yi?" Ya ce in yana jone da caja lafiya ƙalau yake karatu, da an zare sai ya ɗauke ɗif. Na ce, "To Baba, kwantar da hankalinka, batir ne ya gaji. Karatunka da tafsirinka duk suna nan."

Kuma suna nan ɗin. Abin da aka zuba a ciki yana zaune ne a wani ɗan faifai na daban, babu ruwansa da batir. Ko an cire batirin an ajiye shekara guda, ba abin da zai goge.

Ku juyo bayansa mu gani. Can ƙasa, cikin ƙananan rubutun nan, an sa A1136. Wannan lambar ita ke gaya mana cewa zubi na biyar ne, wanda ya fito a 2005, mai fuskar roba. Kamfanin Apple ya fara fitar da iPod a 2001, ya daina yin irin wannan mai zagayayyen madanni a 2014, a 2022 kuma ya rufe babin iPod gaba ɗaya. Ke nan ko Baba yana da kuɗin sabo, babu sabon da zai saya. Gyaran dai shi ne.

Batirin da ke ciki na litiyam ne, mai ƙarfin bolt 3.7, irin na wayoyinmu. Kamfanin da kansa ya ce bayan an cika shi an ƙarar sau 400, abin da zai iya riƙewa zai koma kamar kashi 80 cikin ɗari. To ina ga wanda ya yi wajen shekara ashirin? Sannan ga zafi. Batirin litiyam ba ya son zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Kaduna watan Maris da Afrilu mun san yadda gari yake. Wani zai bar na'urarsa a gaban mota, gilashi a rufe, ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi ya yi awa uku. Ai gasa ta ya yi.

Kafin mu taɓa iPod ɗin, bari in sallami masu sauƙi. Ƙananan rediyoyin nan masu cin memori da ake sayarwa a bakin masallaci, da yawansu batirin tsohuwar Nokia suke ɗauka, BL-5C. Ka zame murfin baya, ka ciro, ka sa wani. Shi ke nan, kada wani ya karɓi kuɗin gyara a hannunka.

Na iPod kuwa sai da haƙuri. Babu sukuru ko ɗaya a jikinsa ta waje, wasu ƙananan haƙora ne suka riƙe fuska da baya. Da farko a kashe shi, a tura makullin sama har launin lemu ya bayyana, don kada ya kunna kansa ana tsakiyar aiki. Teburi a share shi tas, musamman yanzu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. In jikinka yana yawan ba da tartsatsi lokacin sanyi, taɓa wani ƙarfe tukuna kafin ka taɓa cikin na'ura.

Ga abin buɗewa, ɗan siririn roba. Na san wasu za su ce reza ko wuƙar kicin ta isa. Na taɓa yi da wuƙa a farkon koyona, tabon yana nan a babban yatsana, na'urar mai ita kuma ba ta sake haske ba. Ku duba inda nake cusa robar, a tsagin nan tsakanin baƙi da azurfa. Ina dannawa ciki, ina ɗan karkatawa, sai ku ji ƙas. Haƙori ɗaya ya saki. In matsa gaba kaɗan, wani ƙas. Haka za a bi gefe har a zagaye. In ka ga lambar taka A1238 ce, mai fuskar ƙarfe, to wannan taurin kai gare shi, haƙoransa na ƙarfe ne, har gwanaye sukan lanƙwasa bayansa. Shawarata, kai wa mai gyaran da ya taɓa buɗe irinsa.

Yanzu ya saki, amma nan ne mafi yawan mutane suke ɓarna. Murna ta sa su ɗaga murfin da ƙarfi. A'a! Akwai siraran wayoyi guda biyu masu faɗi kamar tsinken ganye, masu gyara suna ce musu fileks, suna haɗe da ɓangarorin biyu. Ɗaga shi kaɗan kawai, daidai yadda ido zai leƙa. Kun ga wannan mai ruwan lemu da ya gangara ƙasa? Na batir ne. Bakinsa yana cikin wani ɗan maƙali mai ruwan ƙasa. Da bakin roba zan ɗaga maƙalin sama, kamar kaurin farce biyu, ba fiye ba. In ka fizge shi ya fita daga allon na'ura, aikin ya koma na dalma da madubin ƙara girma, kuɗin kuma ya ninka. Ya ɗago, fileks ya zare da kansa. Sai a buɗe ɓangarorin biyu a kwantar kamar littafi, ɗaya fileks ɗin na bakin iyafis a bar shi yadda yake.

Ga batirin namu, manne da murfin baya da gam. Ku dubi cikinsa, ya tasa kamar ƙosai a mai. Iskar gas ce ta taru a ciki saboda sinadarin ya lalace. Batirin da ya kumbura ba a matsa shi, ba a lanƙwasa shi, ba a huda shi don wai iska ta fita, domin wuta yake kamawa. Roba zan zura a ƙarƙashinsa in riƙa ɗagawa sannu a hankali, ina lura da wayar iyafis da ta bi ta gefensa. Ya ɓanɓaro.

Wajen sayen sabo, ku tafi da tsohon a hannu, ko aƙalla hotonsa. Wannan zubin iri biyu ne: mai gig 30 siriri ne, masu 60 da 80 sun fi kauri, batirin mai kauri kuwa ba ya shiga siririn. In ka tilasta ka rufe, zai danne sikirin ta ciki har baƙin tabo ya fito. Kuma kada babbar lambar da aka buga a jikin leda ta ruɗe ku. Batir ɗan mitsitsi da aka rubuta masa ƙarfin da ya fi na babbar waya, wannan rubutu ne kawai.

Masu ƙananan MP3 marasa suna, naku batirin yawanci da dalma aka kama shi, jar waya da baƙa. Lambobi shida da ke jikinsa awonsa ne. Misali 503040 na nufin kauri milimita 5, faɗi 30, tsawo 40. Ɗauki hoto kafin ka cire, ka cire waya ɗaya bayan ɗaya, ka rufe bakinta da baƙin salatif don kada su haɗu. Ja ta koma inda ja take.

Mu dawo kan na Baba. Sabon batir ya zauna, fileks ya shiga, na danna maƙali ƙasa. Ban rufe ba tukuna, don wanda ya sha wahalar buɗewa sau ɗaya ba ya son ta biyu. Na buɗe makulli, na jona caja. In bai motsa ba, a danne Menu da madannin tsakiya tare na ɗan lokaci har tambarin kamfanin ya fito. Ga shi nan ya fito. Yanzu in zare caja mu gani. Bai ɗauke ba! Sai a haɗa murfi, a bi gefe ana matsawa har kowane haƙori ya koma gurbinsa, a bar shi ya cika. In za a ajiye shi watanni ba a amfani, a bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi.

Tsohon batirin na liƙe bakinsa da salatif, na sa a gwangwani mai yashi. Kada a jefa a bolar unguwa, kun san ana cinna mata wuta, yara kuma suna tone-tone a wurin.

Bari in sa iyafis in ji ko sauti yana fita ta kunne biyu. Yana fita. Ya ma ɗora daga jerin karatun da Baba ya fi saurara. In an fito Magariba zan miƙa masa.