Malamin da Ya Tafi Alhali Yana Cikin Aji

(An rubuto wannan lacca daga rikodin ɗin murya. An gabatar da ita gaban shugabannin makarantu da malamai. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan lafiyar ƙwaƙwalwar malami, da abin da ke sa ya zauna a bakin aiki ko ya ajiye alli ya kama gabansa. Na san da an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankalin wasu ya tafi asibitin Dawanau ko na Kware ko na Barnawa. Ku dawo da hankalinku nan. Wanda nake nufi yau shi ne malamin da ke sa hannu a rajista ƙarfe bakwai da rabi, ka gan shi lafiya lau, amma ranar Lahadi da yamma in ya tuna gobe Litinin sai gabansa ya faɗi. Wasunku suna murmushi. Kun san shi ke nan.

A 2024 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto kan malamai a duniya. Ta ce ana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, kuma miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara ne. Wannan adadi shi jaridu suka ɗauka. Ni wanda ya fi tsaya min a rai wani ne: yawan malaman firamare da ke barin aiki a shekara ya tashi daga kashi 4.62 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 9.06 a 2022. Ya kusa ninkawa cikin shekara bakwai.

Wanda ya fi kowa jan hankalin masana zuwa ga wannan gefe shi ne Richard Ingersoll na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, kuma shi kansa ya koyar a sakandare kafin ya koma jami'a. Kafin bincikensa na 2001, in aka ce akwai ƙarancin malamai, amsar gwamnati ɗaya ce: a yaye ƙarin malamai, a ɗauki sababbi. Da ya bi alƙaluman makarantun Amurka sai ya ga ana yaye malaman, zama ne ba sa yi. Kamar mai ɗura ruwa ne a tulun da ke yoyo, kullum yana rijiya, kullum tulu rabi. Ya gano masu ritaya kaɗan ne cikin masu tafiya. Mafi yawa rashin jin daɗin aikin ne ya kore su, ko neman wata sana'a. Da aka tambaye su dalili, sun ambaci albashi, ba shakka. Amma sun haɗa da rashin goyon bayan shugaban makaranta, da rashin tarbiyyar ɗalibai, da kuma cewa ba a shawara da su kan abin da ya shafi ajinsu. Daga baya shi da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kusan kashi 44 cikin ɗari na sababbin malamai a Amurka suna barin koyarwa cikin shekara biyar na farko. Masu makarantun kuɗi da ke cikinmu, ku rubuta wannan: a binciken nasa, ƙananan makarantu masu zaman kansu suna cikin waɗanda malamai suka fi gudu.

To me ke faruwa da malami kafin ya kai ga tafiya? A nan ne aikin Christina Maslach ya shigo. Ita da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gajiyar zuciya a wurin aiki a 1981, kuma har yau shi aka fi amfani da shi. Sun ce abin yana da fuska uku. Ta farko, ƙarfin zuciya ya ƙare, mutum ya tashi da safe a gajiye ko da ya yi barci. Ta biyu, ya fara ja da baya daga mutanen da yake yi wa aiki, ya daina ganinsu a matsayin mutane. Ta uku, ya ji duk abin da yake yi aikin banza ne.

Zan tsaya kan ta biyun, don ita ce muke gani kullum muna ba ta wani suna. Malama ce da ta zo makaranta tana san sunan kowane yaro, har ta san wanda bai karya kumallo ba. Bayan shekara shida a aji mai yara 120, rabi a kan benci rabi a ƙasa, sai ka ji tana cewa "waɗannan dabbobin". Ta shigo, ta miƙa wa monita littafi ya kwafa a allo, ta ja kujera bakin ƙofa ta ɗauko waya. Yaro ya zo da kuka, ta ce tafi ka ba ni wuri, ba ta ko ɗago kai ba. Mu sai mu ce ta lalace, ko ba ta da tsoron Allah. Wataƙila. Amma kafin ka yanke, lissafa: littafi 120, in ta ba kowanne minti biyu, awa huɗu ke nan na duba aiki guda ɗaya na darasi guda ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ga yara 35. Wanda aka ba ninki uku na haka, dole ya nemi hanyar kare kansa, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya daina damuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan gajiya cikin kundinta na rarrabe cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, abu ne da matsin wurin aiki ke haifarwa in ba a shawo kansa ba. Wato in kana neman tushenta, wurin aikin za ka fara dubawa kafin mutumin.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, malami ya gaji ya huta mana. Ruwanmu yara ne. A Kanada, wasu masu bincike biyu, Eva Oberle da Kimberly Schonert-Reichl, sun ɗebi yawun yara sama da 400 a azuzuwa 17, suka auna sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa in mutum yana cikin matsi. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna a ajin da malami ya fi gajiyar zuciya, sinadarin ya fi yawa a jikin yaran da safe. Binciken bai tabbatar da wa ya fara shafa wa wani ba, malami ne ya ɗaga hankalin yara ko yara ne suka gajiyar da shi. Amma ya nuna abin ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Sannan a birnin New York, Matthew Ronfeldt da Susanna Loeb da James Wyckoff sun bi sakamakon jarrabawar 'yan aji huɗu da biyar na tsawon shekara takwas. A 2013 suka nuna inda malamai ke yawan sauyawa, makin yara yana faɗuwa a lissafi da Turanci, kuma ya fi faɗuwa a makarantun da dama can suke baya. Abin mamakin, har yaran da malaminsu bai tafi ba abin ya taɓa su. Ku da kuke shugabanci kun san dalili: in malamin lissafi ya tafi tsakiyar zango, jadawali ya rushe, a raba ajinsa ga waɗanda suka rage, kowa ya ƙara kaya.

Yanzu ga inda nake so mu yi hattara da binciken Turawa. Su malaminsu in ya gaji yana ajiye aiki, don yana da inda zai je. Saboda haka alƙalumansu suna kama shi. Namu ina zai je? Wasu kaɗan sun samu banki ko ƙungiyoyin agaji, wasu sun koma jami'a, kuma a Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya da na Gana ƙofar neman shaidar koyarwa a can. Amma malamin firamare mai NCE a ƙauye, mai mata da yara bakwai, ba zai saki albashinsa ba komai ƙanƙantarsa. Sunansa na nan a takardar biyan albashi. Shi ne ba ya nan. Ƙarfe goma sha ɗaya ya zame ya hau babur ya yi achaba, ko ya buɗe rumfar POS, ko da damina ya wuce gona. Wanda ma bai fita ba, jikinsa ne a aji. Paul Bennell da Kwame Akyeampong sun haɗa bincike daga ƙasashe 12 na Afirka da Kudancin Asiya a 2007, har da Najeriya da Gana, kuma abin da ya fito fili shi ne karyewar gwiwar malaman firamare, musamman na karkara, tana bayyana a makara da fashin aiki da neman sana'a ta biyu. A ganina wannan tafiyar ta fi ta takardar ajiye aiki illa, don wanda ya ajiye aiki an san gurbinsa a buɗe yake, ana iya cike shi. Wannan kuwa a takarda makaranta ta cika da malamai.

Kuma mu muna da wani nauyi da Ingersoll bai auna ba. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai 2,295 a Arewa maso Gabas tun 2009, wasu 19,000 sun bar muhallinsu. Malamin da ke koyarwa a makarantar kwana bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a 2020, ko a Kuriga a 2024, yana rubutu a allo kunnensa na sauraron ƙarar babura. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi. Ba na jayayya da auna ilimin malami, dole ne a auna. Amma in muna iya tara malamai dubbai don mu san abin da ke kansu, muna iya ba su takarda mai tambayoyi 22 irin ta Maslach, a fassare da Hausa, don mu san halin da zuciyarsu ke ciki. Ɗaliban digiri na biyu da ke cikin ɗakin nan, ga aiki nan yana jiranku.

To me ke aiki? Bari in fara da abin da bai nuna yana aiki ba. William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a wuraren aiki 233 a Birtaniya, ya buga a 2024. Waɗanda aka tura bitar koyon juriya da sarrafa damuwa, ko aka ba su manhajar kwantar da hankali a waya, ba su fi waɗanda ba a tura ba samun sauƙi ba. Aikin sa-kai ne kawai ya nuna ɗan bambanci. Mu namu samfurin bitar kun san shi: "Malam, a yi haƙuri, ladan malami yana lahira." Haƙuri ibada ne, ban musa ba. Amma wanda ke riƙe da ƙarin girman mutum shekara takwas ba shi ya kamata ya yi masa wa'azin haƙuri ba.

Abin da ya nuna tasiri kuwa, mafi yawansa a hannun shugaban makaranta yake. Thomas Smith da Ingersoll sun nuna a 2004 cewa sabon malamin da aka haɗa da tsohon malami mai koyar da darasi irin nasa, yiwuwar ya bar aiki a ƙarshen shekarar farko tana raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wannan ko sisi ba ya ci. Mu me muke yi wa sabon malami? Ranar da ya kawo takardarsa, ranar za a miƙa masa ajin da kowa ya guda, a ce ai kai ne yaro. Ba wanda zai nuna masa yadda ake rubuta shirin darasi, sai ranar da masu sa ido suka zo a ci masa fuska. Na taɓa zama a wata makaranta inda shugaban yake kiran sunan malamin da ya makara a asambuli, gaban yara. Ranka ya daɗe, malamin da ka kunyata ƙarfe takwas, da wane ido zai tsawata wa ɗan aji shida ƙarfe tara? A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, kuma cikin abin da ta ba da shawara akwai horar da shugabanni su iya gane ma'aikacin da ke cikin damuwa, su san yadda za su yi masa magana.

An miƙo min takarda cewa lokaci ya yi. Tambaya ɗaya. Hajiya, bismillah.

(Wata malama ta ce duk wannan bayani ba zai yi amfani ba matuƙar albashi bai kai ƙarshen wata ba.)

Hajiya, gaskiyarki, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma a 2025 malaman firamare na Abuja sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a kansa. A 2020 an yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. A 2022 aka yi dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Ƙara wa mutum shekara biyar a aikin da ya riga ya cinye shi ba riƙe malami ba ne, tsawaita zamansa ne kawai. Maganar albashi ta ƙungiyar malamai ta NUT ce da gwamnati, kuma a ci gaba da matsa musu. Amma ki duba makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, albashi ɗaya, ranar biya ɗaya. Ɗaya malamai suna kamun ƙafa a kai su, ɗaya suna kamun ƙafa a ɗauke su. Wannan bambancin ba daga ma'aikatar kuɗi ya zo ba. Kuma in kin ga abokiyar aikinki ta yi sama da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ta daina shiga mutane, ko tana maganar gara ta mutu, wannan ya wuce gajiyar aiki. Ki kama hannunta ku je asibiti, kar ki jira shugaban makaranta ya ba da izini.

Na gode. Wassalamu alaikum warahmatullah.