Allon lif ya ce "persons", ni na faɗa aka yi mini dariya

Jama'ar Zazzau, salamu alaikum. Bari in matso da kyamara ku ga allon da ke cikin lif ɗin gidanmu a nan Manchesta. Kun gani? "8 persons, 630 kg". To wallahi a kan wannan kalmar aka yi mini dariya jiya a wurin aiki.

Cewa na yi "three persons" suna jira a waje. Wata Baturiya da muke aiki tare ta ƙyalƙyale, wai na yi magana kamar ɗan sanda yana rubuta rahoto. Ni fa! Ni da na yi shekara huɗu a Samaru ana ce mini Bature saboda Turanci. Raina ya ɓaci, na fita na sayi shayi fam uku, ruwan zafi da ganye tsura, ko burodi babu. Allah ya saka wa masu shayin Ƙofar Doka da alheri.

Da na huce sai na ga tana da gaskiya. A bakin mutanen nan, ɗaya "person", biyu zuwa sama "people", shi ke nan. "Persons" tana nan da ranta, amma gidanta allon lif, takardar kotu, da cigiyar 'yan sanda. Ina jin Hausarmu ce ta ja ni: mu "mutum uku" muke cewa, sai harshe ya ɗauko "person" ya manna mata wutsiya. Akwai "peoples" ma, amma al'ummomi take nufi. Takardar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 da "We the peoples" ta fara. Kada ka kalli 'yan biki ka kira su da ita.

Kuma su da suke dariya, nasu harshen daidai yake? "Woman" ɗaya, "women" da yawa, a rubuce wasalin baya ne ya canza, a baki kuma na gaba: wimin. Ɗan sanda ɗaya ba "a police" ba ne, "police officer" ne, su kuma "police are". Ko da yake mu ma mace, mata. Kanawa har gobe suna tsokanar mu wai Bazazzagi bai san mace da namiji ba a magana, "yarinya ya zo". Da na tuna haka sai na yi wa kaina dariya, kewar gida ta kama ni.

Kai kuma ƙanena da ke Tudun Wada kana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, ka ji ni da kyau. Wannan "staffs" da muke gani a allunan ofisoshi a gida, ka bar ta a Kwangila kafin ka hau mota. Na rubuta ta a imel makon farko da zuwana, aka dawo mini da ita an ja layi. "Staff" ko "members of staff".

Ga lif ya tsaya. Mu shida ne, har da wani ƙato mai keke, bari in kashe kafin ya taka ni.