Wasiƙar Gargaɗi: Yadda Ake Taka wa Mai Satar Fasaha Birki Kafin a Je Kotu

Ka wayi gari ka ga tambarin kamfaninka a jikin kayan wani, ko hoton da ka ɗauka yana tallata hajar da ba taka ba. Zuciya za ta ce ka garzaya kotu. Lauyoyi kuwa galibi da takarda ɗaya suke farawa, wasiƙar da ke ce wa mutum ya daina, kuma kada ya sake.

Wannan wasiƙa ba umarnin kotu ba ce. Wanda aka aika wa yana iya yin biris da ita. Amfaninta shi ne, daga ranar da ta shiga hannunsa, ba shi da bakin cewa bai sani ba. A Amurka, diyyar da doka ta yanka kan aiki ɗaya mai rajista ba ta wuce dala 30,000, amma idan aka tabbatar da ganganci tana iya kaiwa dala 150,000.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, tara hujja. Ɗauki hoton shafin da adireshinsa da kwanan wata. Sayi kayan jabun guda ɗaya, ka adana rasit da kwalin. Da zarar wasiƙa ta isa, goge sawu mai satar zai fara yi.

Sannan ka tabbatar abin naka ne. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Idan ka biya mai zane ya yi maka tambari ba tare da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa haƙƙi ba, a ƙasashe da dama haƙƙin yana hannunsa, ba naka ba. Rubutu da hoto da waƙa suna samun kariya ba sai an yi rajista ba, bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Berne ta 1886. Rajistar alamar kasuwanci kuwa iyakarta inda aka yi ta. Haƙƙin ƙirƙira, wato kariyar da ake ba wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura ko dabara, shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takardar nema, don haka duba ko bai ƙare ba.

A cikin wasiƙar, faɗi ko kai wane ne, da haƙƙin da kake da shi, da lambar rajista in akwai. Nuna ainihin abin da aka kwaikwaya, a ina, tun yaushe. Faɗi abin da kake so dalla-dalla: a sauke hoton, a daina sayarwa, a bayyana adadin da aka sayar, a sa hannu kan alkawarin ba za a sake ba. Ba da wa'adi da takamaiman kwanan wata, galibi kwana 7 zuwa 14. Aika ta hanyar da za ta bar shaidar karɓa.

Kada ka cika baki. A Birtaniya, dokar 2017 ta ba wanda barazana marar tushe ta cutar damar kai mai barazanar ƙara, musamman idan 'yan kasuwar da ke sayar da kayan aka tsorata, ba mai ƙera su ba. A Amurka, wanda ka aika wa zai iya riga ka zuwa kotun da ta fi masa sauƙi, ya nemi a bayyana cewa bai keta komai ba. Kuma ka rubuta ta da ladabi, domin gobe kana iya ganinta a intanet kowa yana karantawa. Idan wa'adi ya cika ka yi shiru na shekaru, shirun nan zai iya zama hujja a kanka.

Idan satar a intanet take, dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta buɗe gajeriyar hanya: ka aika sanarwa ga kamfanin da ke riƙe da shafin, kamar YouTube, ya sauke abin. Amma idan wanda ya ɗora abin ya mayar da martani a rubuce, za a dawo da shi cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai fa in ka shigar da ƙara.