Camama: Yadda Ibro Ya Mai da Labaran Duniya Abin Dariya

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Damagaram a farkon shekarun 2000 ya san wannan zama: an kawo wuta, an saka kaset, yara sun baje a kan tabarma, dattijai na cewa a rage murya alhali su ma dariyar suke ƙunshewa. Fim ɗin Ibro ake kallo.

A masana'antar finafinan Hausa, irin waɗannan finafinai na barkwanci ana kiran su camama, don a bambanta su da finafinan soyayya masu rawa da waƙa. Camama ba ta son dogon shiri. Kuɗi kaɗan, kwanaki kaɗan, wani lokacin ma ba a rubuta zancen baki da baki. A faɗa wa ɗan wasa abin da zai faru, sauran kuma ya rage nasa. A wancan lokacin, ana gamawa sai kasuwa, irin su Ƙofar Wambai a Kano, inda 'yan kaset ke jira.

Barkwancin Hausa a allo ya girmi camama. Kafin ta akwai Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya yi ta wasan barikin soja a talabijin ta Kaduna. Akwai Ƙasimu Yero, akwai Karkuzu a Jos. Su dai gidan talabijin ne ya riƙe su, da lokacinsa da dokokinsa. Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, shi kasuwa ce ta riƙe shi. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, kuma kafin fim ma'aikacin gidan yari ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To ina sirrin yake? A ganina yana cikin sunayen finafinan. Duk abin da ya cika kunnen jama'a, ko daga labaran ƙarfe tara na dare ko daga rediyon mai shayi, sai a manna shi a bayan sunan Ibro. Waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango sun mamaye gari, sai ga Ibro Awilo. An kai harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, kowa na maganar Usama, sai ga Ibro Usama. Amurka ta shiga Iraƙi a 2003, sai ga Ibro Saddam. Mutumin da ka gani jiya a labarai yana girgiza manyan ƙasashe, yau ga shi a bayan gari da gemun roba da bindigar katako, yana cacar baki da Hausa. Mai kallon da bai taɓa fita daga ƙauyensu ba sai ya ga rikicin duniya ya sauko daidai tsayinsa, har ya samu bakin yi masa dariya.

Ba kowa hakan ya yi wa daɗi ba. Wasu malamai sun soki finafinan, wasu masu shirya fim kuma suna kallon camama a matsayin aikin ci da gaggawa. Gaskiya wani sukan yana da tushe, don akwai finafinan da in ka cire fuskar Ibro ba abin da zai rage.

A 2008, lokacin da Malam Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai ta jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari, amma wannan karon ta ɗaya ƙofar.

Ya fito ya ci gaba da sana'arsa har Allah ya yi masa rasuwa ranar 10 ga Disamba 2014. Allah ya jiƙansa. Kaset ya wuce, faifan CD ma ya bi shi, amma guntayen wasanninsa na nan suna yawo a YouTube da TikTok, a wayoyin yaran da ba a haifa ba lokacin da ya ɗaura gemun nan na roba.