Joe Dolan: Daga Zauren Rawa Zuwa Teburin Kabare

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Ireland, garin Mullingar da ke yankin Westmeath, inda aka haifi mawaƙi Joe Dolan a watan Oktoban 1939. Shi ne auta a gidansu, kuma maraici ya riske shi da wuri. Sana'ar da ya fara koyo ita ce jera haruffan ɗab'i a jaridar Westmeath Examiner, kafin shi da wansa Ben, mai busa saksafon, su kafa ƙungiyar kiɗan da ake kira Drifters.

Ba za a gane aikin Dolan ba sai an san mene ne showband, domin Drifters irinta ce. Ƙungiya ce ta mutum bakwai ko takwas, duk sanye da kwat iri ɗaya. Akwai mai ganga, masu jita biyu ko uku, sai masu kayan busa irin na badujala, sannan mawaƙin gaba. Wata ƙungiya daga garin Strabane, Clipper Carlton, ita ake danganta wa farkon salon a tsakiyar shekarun 1950. Kafin su, makaɗa a zaune suke suna kallon takardar kiɗa. Su ne suka ture kujeru suka miƙe, suna taka rawa suna barkwanci.

Tsarin dare a bayyane yake. A wancan zamani ana buɗe zauren rawa wajen ƙarfe tara, a tashi ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Ƙaramar ƙungiya ce ke fara ɗumama wuri, manyan ba sa hawa sai dare ya yi nisa, su yi kamar awa biyu. Ana jero waƙoƙi uku-uku, masu sauri sannan masu sanyi, a ɗan dakata domin samari su tsallaka daga nasu ɓangaren zuwa na 'yan mata neman abokiyar rawa. Ba a sayar da giya a ciki, sai lemo da shayi. Ku riƙe wannan batu na giya, domin shi ne zai kashe harkar daga baya.

Kuɗi kuwa a lokacin daga ƙofa yake fitowa. Babbar ƙungiya ba ta yarda da tsayayyen lada, sai dai a raba kuɗin shiga da mai zaure, sau da yawa rabi ko fiye. Shi ya sa manaja mai wayo yake ajiye mutuminsa a bakin ƙofa yana ƙirga kawuna, kada lissafin mai zaure ya zo da giɓi. Harkar ta yi maiƙo ƙwarai: Albert Reynolds, wanda ya zama firaministan ƙasar a 1992, da gina zaurukan rawa shi da ɗan'uwansa ya fara tara abin hannunsa. Akwai kuma lokacin da kasuwa ke mutuwa duk shekara. Idan azumin Kirista na kwana 40 ya kama kafin Ista, ana rufe zauruka, sai makaɗa su tsallaka Ingila, su yi wa 'yan ci-ranin ƙasarsu wasa a wurare irin su zauren Galtymore na Landan, wasu su wuce Amurka.

Raunin showband ɗaya ne, kuma babba ne: kayan aro suke yi. Duk waƙar da ta fito a Ingila ko Amurka, za a saurare ta a rediyon Luxembourg, a haddace, a kai ta zaure a makon. Wanda ya fi iya kwaikwayo shi ke cika zaure. To kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da matasa suka samu faifan asali a hannu, me zai sa su biya kuɗi su ji na kwaikwayo?

Nan ne Dolan ya sha bamban. Faifansa na farko ya fito a 1964 ya kuma samu karɓuwa a gida, amma a 1968 yawancin makaɗansa suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Times. Irin wannan ɓaraka ta durƙusar da mawaƙa da dama, domin mutum bakwai da suka saba da juna ba a maye gurbinsu a mako guda. Shi da Ben suka sake ɗaukar sababbi. A 1969 ya rera "Make Me an Island", waƙar da Albert Hammond da Mike Hazlewood suka rubuta, ta kai matsayi na uku a Birtaniya, ta kuma bazu a ƙasashen Turai. Daga ranar ya mallaki abin da yawancin takwarorinsa ba su da shi, wato waƙar da idan ana son jin ta sai an neme shi. Muryarsa ma ba ta ɓuya: siririya ce mai hawa sama, mai ƙarfi. Ita ta kai shi Afirka ta Kudu da Isra'ila, ta kai shi Tarayyar Sobiyet a 1978, lokacin da mawaƙan Yamma ƙalilan ne ke samun shiga can.

A gida kuwa ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin zaurukan. Otal-otal da mashaya masu lasisin giya sun buɗe ɗakunan shaƙatawa masu kujeru da ɗumi, ga disko inda mutum ɗaya da faya-fayansa ke yin aikin mutum takwas. Sai ga tashin hankalin Arewacin Ireland. Ranar 31 ga Yulin 1975, 'yan bindigar UVF, ƙungiyar masu goyon bayan Arewacin Ireland ya ci gaba da zama a Birtaniya, suka tare motar ƙungiyar Miami Showband kusa da Newry a kan hanyarsu ta dawowa daga wasa, suka kashe uku daga cikinsu, har da mawaƙinsu Fran O'Toole. Bayan wannan, makaɗan kudu, wato Jamhuriyar Ireland, da yawa suka daina tsallaka iyaka zuwa arewa, kasuwa guda ta rufe.

Mafitar da ta rage ita ce kabare, kuma masu sauraro, kada a ɗauka sauya ɗaki ne kawai. Sauya sana'a ce. A zauren rawa hankalin jama'a yana kan junansu, mawaƙi aikinsa kada kiɗa ya yanke. A kabare mutane suna zaune a teburi, abinci da abin sha a gabansu, ido duk yana kanka na tsawon awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Dole ka iya magana tsakanin waƙa da waƙa, ka san inda za ka sa mai taushi, ka san lokacin da za ka tashe su. Ɗakin ƙarami ne, kuɗin ƙofa bai kai ya ciyar da mutum takwas ba, don haka masu busa su ake fara sallama. Mawaƙin da ya saba ɓuya a bayan ƙarar ƙaho, a nan asirinsa ke tonuwa.

Dolan ya dace da wannan fage kamar don shi aka yi. Farin kwat ɗinsa ya zama alama, yakan yi wasa har zufa ta jiƙa shi sharkaf, yana tsokanar na gaba-gaba, yana kwance lakatayi ya jefa musu. A ganinmu wannan iya zama da jama'a ya fi waƙar 1969 tsawaita masa kwana a fage. Ya yi wasa a Las Vegas, amma bai tare can ba kamar yadda Brendan Bowyer na Royal Showband ya yi. A ƙarshen shekarun 1990 ma ya ɗauki waƙoƙin matasan lokacin ya rera da nasa salon, 'ya'yan masoyansa na da suka fara zuwa kallonsa.

Yana kan aiki har shekararsa ta ƙarshe. Ya rasu ranar 26 ga Disamban 2007 yana da shekara 68. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin kasuwar Mullingar, akwai kuma gada a garin da aka sa wa sunansa.