Maƙerin Makka da ya tambayi Annabi: ba za ka roƙa mana Allah ba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau akwai wata tambaya da nake so mu taɓa, irin wadda mutum ke riƙe ta a ciki shekara da shekaru amma ba ya iya furta ta a gaban mutane don kar a ce imaninsa ya yi rauni. Tambayar ita ce, mun yi addu'a mun yi addu'a, an yi alƙunutu a masallatai an yi saukar Alƙur'ani an yi azumi, amma azzalumi yana nan daram sai ma ƙiba yake ƙarawa, toh wai sai yaushe? In ka taɓa jin haka a ranka kar ka ɗauka kai ka fara, akwai wani sahabi da ya je gaban Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi kusan irin wannan tambayar, sunansa Khabbab ɗan Aratti, kuma labarinsa nake so mu bi yau tun daga maƙerarsa har kabarinsa.

Khabbab ba ɗan gari ba ne a Makka. Tun yana yaro aka kamo shi aka sayar, wata mata da ake kira Ummu Anmar ta Banu Khuza'a ta saye shi, ya tashi ya zama maƙeri yana ƙera takubba. Ka san yadda Makka take a lokacin, in kana da dangi masu ƙarfi ko an tsane ka ana shakkar taɓa ka, in ko ba ka da kowa shikenan kai ne abin huce haushi. Shi kuma ga shi bawa ga shi baƙo, sannan yana cikin mutanen farko-farko da suka musulunta. Abin da zai ba ka tausayi shi ne da kayan sana'arsa aka riƙa azabtar da shi, wutar da yake hurawa da ƙarfen da yake gasawa su aka juya a kansa. Bayan shekaru masu yawa a zamanin halifancin Sayyidina Umar ya buɗe bayansa ya nuna wa Umar tabon, masu tarihi sun kawo cewa ya ce wuta aka hura aka kwantar da shi a kai, ba abin da ya kashe garwashin sai kitsen bayansa.

Kuma ba duka kaɗai ba, har haƙƙinsa na sana'a aka danne. Akwai wani babban mutum a Ƙuraishawa, Asi ɗan Wa'il, mahaifin Amru ɗan Asi, Khabbab ya yi masa aiki ya je karɓar kuɗinsa sai mutumin nan ya ce ba zan biya ka ba sai ka kafirce wa Muhammadu. Khabbab ya ce ba zan kafirce masa ba har ka mutu a tashe ka. Sai ya ce au, ashe za a tashe ni? Toh bari, in an tashe ni ai zan samu dukiya da 'ya'ya a can sai in biya ka. Ka ji rainin wayo. Duk wanda ya taɓa yi wa mai kuɗi aiki ya yi ta sintiri a ƙofar gidansa ana ce masa alhaji ya fita alhaji yana barci ya san wannan ɗacin. A kan wannan maganar ne aya ta 77 a Suratu Maryam da ayoyin bayanta suka sauka.

Toh a cikin wannan halin ne Khabbab da wasu suka samu Annabi (SAW) a inuwar Ka'aba ya yi matashin kai da mayafinsa, suka ce ba za ka nema mana taimako ba, ba za ka roƙa mana Allah ba? Ku lura da wanda ake tambaya fa, mutumin da addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ni da kai da mun zata nan take zai ɗaga hannu a wayi gari Abu Jahil ya zama tarihi. Amma a ruwayar Bukhari sai ya tashi zaune fuskarsa ta yi ja, ya ce a cikin waɗanda suka gabace ku akan kamo mutum a haƙa masa rami a saka shi, a kawo zarto a ɗora a kansa a raba shi biyu, a tsefe naman jikinsa da matajin ƙarfe har ƙashi, duk wannan bai sa ya bar addininsa ba. Sannan ya rantse da Allah cewa sai wannan al'amari ya cika, har matafiyi ya taso daga San'a'a zuwa Hadramaut a ƙasar Yaman ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kyarkeci a kan tumakinsa. Ya rufe da cewa, amma ku kuna gaggawa.

Ni dai duk lokacin da na zo kan maganar matafiyin nan sai jikina ya yi sanyi, saboda alamar da aka ba su ta zuwan sauƙi ita ce hanya ta yi lafiya, mutum ya ɗau jakarsa ya kama hanya ba fargaba. Wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Gwari ko ya ratsa dajin Zamfara da yamma, motar ta yi tsit kowa na jan hasbunallahu a ransa direba na ta duba madubi, ba sai an yi masa dogon sharhi ba, ya san darajar wannan alƙawarin fiye da mai karanta shi a ɗaki.

Yanzu abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne kalmar gaggawa, don nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Wasu sun ɗauka ma'anarta kar ka yi kuka, kar ka ce ka gaji, ka yi shiru kawai. Ba haka ba ne. Duba aya ta 214 a Suratul Baƙara, Allah da kansa ya ba da labarin mutanen da wahala ta girgiza su har Manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe ne taimakon Allah zai zo. Manzo fa. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka dame shi da magana ya ce ni Allah nake kai wa ƙarar baƙin cikina. Kenan jin zafi da faɗinsa ba laifi ba ne. Gaggawar da aka hana an fassara ta a wani hadisin na Muslim, aka tambayi Annabi (SAW) mece ce gaggawar, ya ce mutum ya ce na roƙa na roƙa ban ga an amsa min ba, sai ya gaji ya bar addu'ar. Barin shi ne matsalar. Wato ka yanke wa Allah wa'adi kamar ka ba tela ɗinkin sallah, in ranar ta wuce ka ce ka fasa.

Maƙwabtanmu Kirista ma suna da wani misali mai kama da wannan a Linjilar Luka sura ta 18, na wata gwauruwa da ta dinga zarya wajen wani alƙali da ba ya tsoron Allah ba ya ganin girman kowa, tana cewa a bi mata haƙƙinta, har ya gaji da naci ya yi mata shari'a. Darasin da suke ɗauka shi ne in mugun alƙali ya saurari mai naci ina ga Ubangiji mai adalci. Ka ga kukan talaka iri ɗaya ne ko a masallaci ko a coci.

Toh mu koma kan Khabbab, an amsa ko ba a amsa ba? An amsa, amma ba a ranar ba kuma ba a shekarar ba. Sai da aka yi shekara 13 a Makka, aka yi hijira a 622, aka yi Badar a 624 inda Abu Jahil ya faɗi, Khabbab yana cikin mayaƙan ranar. A Uhudu Sayyidina Hamza ya kashe Siba'u ɗan Ummu Anmar ɗin nan da ta sayi Khabbab. A 630 aka buɗe Makka, garin da aka gasa bayansa a cikinsa. Ya rayu ya ga Yaman ta shiga Musulunci, ya ga an ci Farisa, har ya koma Kufa a Iraƙi da zama ya yi dukiya.

Amma a nan zan ɗan taka birki, domin mu muna son labarin da azzalumi ke ganin ta kansa tun a duniya, shi ya sa in mai wa'azi ya kawo irinsa masallaci ke ɗaukar kabbara. Kuma yana faruwa, ba ƙarya ba ne, Annabi (SAW) da zai tura Mu'azu Yaman ya ce masa ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin babu shamaki tsakaninta da Allah, shi ya sa ko a nan in tsohuwa ta ɗaga kai sama ta ce Allah ya isa, mai hankali ba ya iya barci. Sai dai in muka koya wa mutane cewa dole kowa ya ga sakayya da idonsa, mun shirya musu karyewar zuciya. Ina Sumayya? Abu Jahil ya soke ta da mashi ta mutu a Makka, mijinta Yasir ya mutu a cikin azaba, ba su ga hijira ba balle Badar. Abin da Annabi (SAW) ya ce musu yana wucewa ana azabtar da su shi ne ku yi haƙuri iyalan Yasir, ma'alƙawartarku Aljanna. Bai ce musu gobe za a sake ku ba.

Kuma Khabbab da kansa ya fi kowa sanin wannan. A ƙarshen rayuwarsa yana cewa mun yi hijira tare da Annabi don neman yardar Allah, a cikinmu akwai wanda ya tafi bai ci komai daga ladansa ba, sai ya kawo Mus'abu ɗan Umair, saurayin da ya fi kowa gata da ado a Makka kafin ya musulunta, aka kashe shi a Uhudu ba a samu abin da za a yi masa likkafani ba sai wani ɗan mayafi, in an rufe kansa ƙafafu su fito in an rufe ƙafafu kai ya fito, har Annabi ya ce a rufe kan a sa ciyawar izhir a ƙafafun. Ya ce mu kuma namu 'ya'yan itacen sun nuna muna ta tsinka. Da tsoro yake faɗin haka fa, kar ya zamana an riga an biya shi tun a nan. Mutumin da ya je yana neman a gaggauta sauƙi, da sauƙin ya zo sai ya koma yana kishin waɗanda ba su gan shi ba.

Wannan ne ke sa hadisin nan da Imam Ahmad ya ruwaito ya zauna daidai a kai, cewa duk musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta sai Allah ya ba shi ɗayan uku, ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Sahabbai da suka ji sai suka ce toh ashe mu yawaita, ya ce na Allah ya fi yawa. Mu dai na farkon kawai muke ƙirgawa a matsayin amsa saboda shi ido ke gani.

Akwai kuma wani abu da ba zan iya wucewa ban faɗa ba, don yana ci min tuwo a ƙwarya. Annabin da ya ce kuna gaggawa bai ce a naɗe hannu ba. Shi ne ya tura raunana Habasha wajen Najjashi ya ce can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, Sayyidina Abubakar ya zuba kuɗinsa ya fanshi Bilal da wasu bayin, aka riƙa bin ƙabilu a lokacin aikin hajji ana neman mafaka har aka samu mutanen Madina. Shi kansa Khabbab da tabon wuta a bayansa yana shiga gidaje a ɓoye yana koyar da Alƙur'ani, shi ne ma yake gidan Faɗima 'yar Khaɗɗabi, 'yar'uwar Umar, yana karantar da ita da mijinta Suratu Ɗaha ranar da Umar ya faɗo musu a fusace, ya ɓuya, kuma a ranar Umar ya musulunta. Saboda haka in talakan da ba shi da komai sai carbinsa ya ce sai addu'a, gaskiyarsa ne, makaminsa kenan kuma ba ƙaramin makami ba ne. Amma in wanda aka danƙa wa amanar tsaro da baitulmali ya hau mumbari ko ya fito a talabijin ya ce wa mutane ku dage da addu'a alhali nasa aikin yana kwance, wannan ya sani cewa addu'ar da yake cewa a yi tana iya biyowa ta kansa.

Khabbab bai samu hutun jiki ba har ƙarshe. Ya yi doguwar jinya a Kufa, waɗanda suka je duba shi sun tarar an yi masa ƙuna da ƙarfe har sau 7 a cikinsa, irin maganin wancan zamanin, wutar dai ta sake dawowa jikinsa. Ya ce musu ba don Annabi (SAW) ya hana mu roƙon mutuwa ba da na roƙe ta. Ya rasu a shekara ta 37 bayan hijira. Mutanen Kufa a lokacin a ƙofar gidajensu suke binne mamatansu, shi ya yi wasiyya a kai shi bayan gari, daga nan sauran mutane suka fara kai nasu kusa da shi. Da Sayyidina Ali yake dawowa daga yaƙin Siffin ya ga kaburbura a gefen hanya da babu su lokacin da ya fita, ya tambaya aka ce na Khabbab ne da waɗanda suka biyo bayansa, sai ya tsaya ya yi masa addu'a.